Fil a Bakin Ummusalma

Ƙanwata Ummusalma tela ce a unguwar Dilimi, cikin Jos. Shekara da shekaru, idan ka tambayi mutanen layinsu kamanninta, da fil za su fara. Ba a ganinta babu fil uku ko huɗu a gefen baki. Da su take gaisawa, da su take ciniki, da su take yi wa mai kawo gawayin guga faɗa. Muryarta ta saba fitowa ta gefe ɗaya, har ta kai ko a gidan biki, babu ɗinki babu komai, sai ka ga bakin ya ɗan karkace idan tana magana.

A wurin Babanmu ta gaji wannan. Kakanmu haƙar kuza ce ta kawo shi Jos, amma Baba ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa a rami ba, ya koyi ɗinki. Mu biyu ya zaunar a gaban kekensa. Ni na gudu na zama malamar firamare, ita ta kama keken ba ta sake saki ba. Abin mamakin shi ne yadda ɗinki ya karɓe ta, don ɗinki aikin zama ne, ita kuwa tun tana ƙarama ba ta san zama ba. A tsaye take cin abinci. Shayi tana tafe take shan sa. Innarmu ta yi fama da ita a kan saurin salla har ta gaji. Ko a mota kuka zauna tare, za ki ji ƙafarta tana taka keken da babu shi, har kujerar tana rawa.

Shagonta ɗan ƙarami ne a ƙofar gidan mijinta, Mahdi, direban bas a hanyar Jos zuwa Bauchi. Hannunta yana da kyau, wannan ko maƙiyinta ba ya musu. Tana ɗinka wa amaren Dilimi kayan fitar biki, kuma har daga unguwar Daɗin Kowa ake ɗauko farar rigar coci a kawo mata ta gyara. Amarya za ta tsaya ta buɗe hannuwa, Ummusalma tana zagaya ta tana kafa fil, tana zaro wani daga baki, tana ba da labarin duniya duk a lokaci ɗaya.

Kusan kowace baƙuwa sai ta tsorata. «Don Allah Maman Sumayya, ki cire abin nan a bakinki, kada ki haɗiye!»

Abin da take jira ke nan. Sai ta tsaya ta riƙe ƙugu. «Ni? Ai na haɗiye tuni. Miyar kuɓewa kawai na samu na kwankwaɗa, mai yauƙi sosai, washegari sai ga shi ya fito yana ƙyalli kamar sabo.»

Sai shago ya kaure da dariya.

Ni ina nan aka yi abin, don haka na san iyakarsa. Tana yarinya ta yi tari da fil a baki, fil ya ɓace, gida ya rikice, Inna ta ɗora miyar kuɓewa tana kuka. Ana cikin ɗura mata miyar ne aka ɗaga tabarma za a yi shara, sai ga fil a maƙale a jikinta. Bai taɓa wuce haƙoranta ba. Amma labarin Ummusalma ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Fil ɗaya ya zama biyu, wata shekara ma na ji ta ƙara da allurar keke. Idan na harare ta sai ta ce, «Yaya, ke matsalarki ba ki san daɗin labari ba. Shi ya sa ɗalibanki suke barci.»

'Yarta ɗaya ce, Sumayya, wadda aka daɗe ana jira kafin ta zo. Lokacin da abin ya faru tana aji biyu na firamare. Allah mai iko, duk hayaniyar uwar babu ko ɗigo a jikin 'yar. Shiru-shiru ce, mai kallo da saurare. Idan ta dawo makaranta, ƙarƙashin teburin yanka take shigewa da 'yar tsanarta, tana tsince ƙyallayen leshi da atamfa tana naɗa mata. Uwar ta kafa mata doka ɗaya: ƙyalle nata ne, amma ranar da ta taɓa fil ko allura za ta sha bulala. Kuma a duk abincin duniya, abu ɗaya Sumayya ta tsana, miyar kuɓewa. Ko a gidana na yi, gara ta ci tuwonta da mai da yaji.

Ciwon ya fara ne da damina, bayan an gama turmutsutsun ɗinkin Babbar Salla. Yarinya ta ce cikinta yana ciwo. Uwar ta ce naman Salla ne, ta jiƙa mata kanwa. Ya lafa. Bayan 'yan kwanaki ya dawo, ta ja ta zuwa kemis ɗin Obum da ke bakin titi, ya ba da maganin tsutsa. Ya sake lafawa, Sumayya ta koma makaranta, har ta yi tsalle-tsallenta. Sai ga zazzaɓi sama-sama. Aka yi gwajin maleriya, aka yi na taifot, aka sha wannan aka sha wancan. Obum da kansa ya ce mata, «Madam, wannan ciwo ya wuce nawa, ki kai ta asibiti.» Ta ce to, amma kafin gari ya waye yarinya ta warware tana neman ƙosai, ga kuma kayan amarya a kan tebur.

Haka aka yi ta yi makonni. Kada wani ya ce Ummusalma ba ta damu ba. Damuwarta ce ma ta yi yawa, ta rasa inda za ta tsaya. Yau tana wurin mai maganin gargajiya, gobe ta karɓo rubutu, jibi ta kira ni tana tambaya ko na san wata nas. Ba ta barin magani ɗaya ya gama aikinsa kafin ta kawo wani. Na yi mata faɗa, ta yi mini. Ita dai yarinyar sai ramewa take, ta daina shiga ƙarƙashin tebur, sai kwanciya a kan buhun ƙyallaye ta naɗe ƙafa.

Wata safiya ina tsakiyar darasi wayata ta yi ta ruri. Da na ɗauka ban gane muryar ba da farko, don babu fil a cikinta. «Yaya, ki zo. Ta yi amai, kuma ta kasa miƙe ƙafar dama.»

Na same su a bakin layi sun tare Keke Napep. Duk ramin da muka faɗa a hanya sai Sumayya ta ƙwalla ƙara ta dafe ƙasan cikinta ta dama. Ummusalma tana ce wa mai keke ya yi sauri, tana kuma zaginsa don ya yi sauri. Mahdi kuwa tun asuba ya yi lodi ya kama hanyar Bauchi.

A asibiti aka tura mu wurin likitar da ke yi wa yara tiyata, Dakta Loyis. Doguwar mace ce 'yar ƙasar nan, mai furfura kaɗan a goshi, kuma ban taɓa ganin mai yin abu a hankali kamarta ba. Sai da ta murza tafukanta suka yi ɗumi kafin ta taɓa yarinyar. Ta tambaye ta sunan makarantarsu. Ta danna nan, ta danna can, tana kallon fuskar Sumayya ba cikin ba. Da ta danna ƙasan dama ta saki, yarinya ta zabura. Ina jin Ummusalma a bayana tana sauya ƙafa, kamar ta fizge hannun likitar ta yi aikin da kanta.

Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki, irin wanda ake shafa mai a goga na'ura. Bayan azahar Dakta Loyis ta zaunar da mu. Ni dai na zauna.

Ta ce tana zargin afendis. Ta zana mana a bayan hannunta: wata 'yar wutsiya ce a jikin hanji, ba ta kai ƙaramin yatsa ba, bakinta ɗaya, ƙarshenta a toshe. Idan wani abu ya toshe bakin sai ta kumbura ta yi ruwa, in an bar ta ta fashe a ciki. A yara, yawanci busasshen kashi ne yake toshe ta, ko kumburin da ke biyo bayan mura.

«To a yanke mana!» in ji Ummusalma.

«Ki bari in gama, Mama.» Ta ce hoton bai fito sarai ba. Wutsiyar ta kumbura amma ba can ba, hanji ya lulluɓe wurin, iska ta tare sauran. Idan afendis ne na yau da kullum mai sauƙi haka, ana iya sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta ruwa, a sa ido zuwa gobe, wani lokaci ma a tsira ba a yanka ba. «Amma abu ɗaya ya dame ni. Afendis da na sani ba ya wasa da mutum na makonni. Yana zuwa ne ya gama aikinsa cikin kwana biyu. Wannan yana tafiya yana dawowa. Ina so in san me ya kawo shi, don shi zai gaya mini ko in jira ko kada in jira.»

Aka kira Mahdi a waya. Yana jin kalmar tiyata ya daka tsawa har ina ji daga inda nake. Yayansa a kan gadon tiyata ya rasu, shekarun baya, kuma tun daga nan ko allura ba ya so. Ya ce kada a kuskura a sa wa 'yarsa wuƙa a kan zato. A sa ruwan, a jira gobe, ga shi nan ya juyo.

Sai Dakta Loyis ta ja kujera kusa da gadon ta fara tambaya. Yarinyar tana wanka a tafkunan kuza da ke bayan gari? Ta taɓa fitsarin jini? Ta ce ƙwan tsargiya yakan taru a wutsiyar ya kumbura ta, ta gani a yaran ƙauyukan da ke kusa da tafkunan. Ana ganin ƙananan tsutsotsi a kashinta, ko tana sosa baya da dare? Akwai mai dogon tari a gidan? Suna cin naman daji ko zabin da aka harbo da bindiga? Ta ce ta taɓa ciro ƙwayar harsashi a afendis ɗin wani yaro ɗan maharbi.

Kafin ta rufe baki Ummusalma ta amsa. A'a. A'a. Ba ta zuwa ko'ina. Mun ba ta maganin tsutsa. Mu ina muka ga zabo. Tana amsawa tana kai da kawowa tsakanin gado da taga, tana tauna bakin hijabinta, don ta fito a gigice babu abin da ta saba sa wa a baki.

Likitar ta juya ga yarinyar. «Sumayya, kin taɓa haɗiye wani abu? Kwabo, ko dutsen ado, ko murfin biro?»

Sumayya ta kalli uwarta. Ta girgiza kai.

Dakta Loyis ta rufe fayil ɗin da ke hannunta. Na ga alamar ta kusa haƙura ta bi maganar Mahdi. Har ta miƙe, sai ta sake zama. «Mama, ki koma baya. Kafin ciwon ya fara, ba bayan ya fara ba. Akwai abin da ya canza? Barcinta, wasanta, cin abincinta?»

«Babu abin da ya canza, Dakta. Ci ma ƙaruwa ya yi. Ana gobe jajiberin Salla, ina tsakiyar aiki, yarinyar da ko warin kuɓewa ba ta so, ita da bakinta ta ce in yi mata miyar kuɓewa. Na ce ikon Allah. Safe da yamma sai ita, ba ma da tuwo ba, a kofi take zubawa tana toshe hanci tana...»

Ta tsaya.

Tun da aka haife ta ban taɓa ganin Ummusalma ta tsaya cak ba sai ranar. Ƙafa ta daina motsi, hijabin ya faɗo daga bakinta. Ni ma a lokacin abin ya faɗo mini. Likita kaɗai ce ba ta gane ba, tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Ni na yi mata bayani, don ƙanwata ta kasa. Na ce tela ce, na gaya mata fil ɗin baki, na gaya mata labarin da ake bayarwa a shago, da wadda take zaune a ƙarƙashin tebur tana ji.

Dakta Loyis ba ta kalli Ummusalma ba, kuma har gobe ina gode mata a kan haka. Ta durƙusa har fuskarta ta zo daidai da ta yarinyar. «Sumayya, babu mai dukan ki. Ni ce oga a nan, ko Mama ba ta isa ba. Gaya mini.»

Hawaye ya gangaro ta gefen idon yarinyar zuwa kunne. Da ƙyar muka ji ta. «Ina yi wa 'yar tsanata rigar Salla. Na sa a baki irin na Umma. Sai atishawa ta zo.»

Nan da nan aka tura ta hoton ƙashi, wanda yake nuna ƙarfe. Ba a daɗe ba aka kafa hoton a jikin fitila. Ko ni da ban san komai ba na gani: wani siririn farin layi, miƙaƙƙe, kwance a ƙasan ciki ta dama. Likitar ta ce babu sauran jira. Abu mai tsini ba ya jin magani, kuma kowane motsi na hanji tura shi yake.

Saura Mahdi. Na miƙa hannu zan karɓi wayar, Ummusalma ta hana ni. Ta kira shi da kanta, kuma ba ta yi kwana-kwana ba. «Baban Sumayya, ba zato ba ne. Fil ne a cikinta, na gan shi da idona. Fil ɗina ne. Ka ce a yi.» Sannan na ji ya ce, a yi, Allah ya sa a dace.

Suna shiga da ita hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa har da ƙanƙara, irin na Jos da ke sa kwanon rufi ya hana ka jin na kusa da kai. Ummusalma ta auna barandar nan da ƙafa ban san sau nawa ba. Ta je ƙofar tiyata ta dawo, ta leƙa taga, ta zauna ta miƙe kamar bencin yana da wuta. Mahdi ya iso a jiƙe sharkaf. Na yi zaton za a yi tashin hankali, na riga na shirya shiga tsakani. Amma ba a yi ba. Ya tsaya ya jingina da bango, ita tana wucewa ta gabansa tana dawowa, ba wanda ya iya kallon wani.

Wajen la'asar sakaliya Dakta Loyis ta fito da 'yar kwalba a hannu. A ciki ga fil, ya yi baƙi, da ɗan kansa na roba ruwan ɗorawa, irin wanda Ummusalma take saye a kwali. Ta ce ya bi hanji lafiya lau har ya faɗa cikin wutsiyar, inda babu mafita. Tsinin ya huda bangonta, ruwa ya fara taruwa, sai kitsen ciki ya naɗe wurin ya riƙe. Shi ya sa ciwon yake lafawa yana tashi. Ta ce riƙon ya kusa saki, da an kai gobe wata maganar ake yi. Mahdi ya zame ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hularsa.

Washegari da hantsi na kawo musu kunu. Sumayya ta farka sosai, ga robar ruwa a hannu, ga filasta a ciki, leɓɓanta sun bushe. Uwar tana gyara zanin gado da bai buƙaci gyara ba, tana jera kofuna, tana sake jera su.

«Umma.»

«Na'am, 'yar albarka. Me kike so? In ɗaga miki filo?»

«Na sha miyar da yawa. Har wadda ta kwana na sha.» Ta haɗiye yawu da ƙyar. «Me ya sa naki ya fita, nawa bai fita ba? Ban sha daidai ba ne?»

Ummusalma tana da amsar kowace tambaya a duniya, har wadda ba a yi mata ba. Amma yau ni ta kalla, na sunkuyar da kai, don wannan ba tawa ba ce. Sai ta zauna a bakin gadon, zama na gaske, ta kama hannun da babu roba.

«Kin sha daidai. Nawa ne bai taɓa shiga ba, Sumayya. A tabarma aka tsince shi.»

Yarinyar ta daɗe tana kallonta. «To me ya sa kike cewa ya shiga?»

«Don mutane su yi dariya.»

«Ni ban san wasa ba ne,» in ji Sumayya. Ba da fushi ta faɗa ba. Ta gyara kwanciya ta lumshe ido. Ƙanwata ta kifa kai a kan katifar ta yi kukan da ban taɓa ji ta yi ba, ko ranar da Baba ya rasu, ni ma na kasa riƙe nawa.

Yanzu an kwana biyu da yin wannan. Sumayya ta warke, sai ɗan tabo da take nuna wa ƙawayenta idan malama ba ta kallo. Shagon yana nan, hayaniyar tana nan, ƙafar Ummusalma ba ta daina rawa a mota ba. Labarin fil ne dai ya mutu. Tsofaffin kwastomomi sukan ce, «Maman Sumayya, ba wa amarya labarin miyar kuɓewa mana,» sai ta ce ta manta shi, a ɗaga hannu za ta auna ƙugu. Ta ɗinka ɗan matashi ta ɗaura a wuyan hannunta na hagu, a nan fil yake zama. Ta ce yana rage mata sauri, kuma kullum sai ta yi mita a kai.

Amma hannu ya riga ya saba. Ranar Asabar da ta wuce ina shagon, tana zagaya wata amarya daga Daɗin Kowa, baki yana zuba, aiki ya ɗauke ta. Ina kallo ta zaro fil uku daga matashin, hannun ya nufi baki da kansa, ita ba ta ma sani ba.

Daga ƙarƙashin teburin yanka wata 'yar murya ta ce, «Umma.»

Hannun ya tsaya a iska. Ta mayar da su ɗaya bayan ɗaya.